Takobin Aduwa

Takubba uku gare shi, Mushe Kyari,
mu kuwa goma sha ɗaya ne a filin gidan matasa.
Wanda ya makara sai ƙotar fartanya.
Wata biyu ina saran iska da ita,
ƙanshin gonar wani a tafin hannuna.

Ranar da albashi ya sauka
na ninke takardar da ya zana mini:
tsayi mita ɗaya da ɗan ɗoriya,
lanƙwasa kaɗan, ba irin ta lauje ba.
Na hau kabu-kabu zuwa Zango.

Mutari kafinta ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa.
"Takobi kika ce? Ina kaifin?"
Na ce babu.
"Kube fa?"
Shi ma babu.
"To wa za ki sara, Barira?"
Na ce haka mutanen Japan ke koyo, da itace.
Ya ce, "Su da injinsu ba ya mutuwa,
ƙarfen takobi ne ya gagare su?"
Yaran shago suka bushe da dariya.
Amma ya sa fensir a kunne, ya ce in dawo Alhamis.

Alhamis na tarar da uku a kan benci.

Na gawo fari ne, sakayau.
Ya buga shi a bakin ƙofa,
ya amsa da muryar ƙwarya mai tsagu.
Muka ture shi gefe ba gardama.

Na kirya, wayyo.
Ja mai duhu, santsi kamar an shafe shi da man shanu,
itacen turmi, wanda gara ke gaisarwa ta wuce.
Na ɗaga shi na ji ni wata ce.

Na aduwa ba ya da kyau.
Launinsa na tsohon allo,
ga wani ƙulli can ƙasan mariƙi
yana kallona kamar idon akuya.

Jaka uku na biya. Na kirya na ɗauka.

Mushe Kyari ya ɗora shi a yatsa ɗaya,
ya nemi inda nauyinsa ke kwana.
Bai yaba ba, bai kushe ba.
Ya ce, "Sara ɗari biyu."

A arba'in kafaɗa ta fara ƙorafi.
A saba'in wuyan hannu ya bi ta.
Kafin casa'in tsinin yana yawo
kamar jakin da ya ɓace wa mai shi ranar kasuwar Dole.
Washegari a asibiti allura na rawa a hannuna,
sau biyu na nemi jijiyar wata tsohuwa.
Ta ce, "'Yar nan, kin karya kumallo kuwa?"
Kunya ta hana ni amsa.

Da yamma ya ce mini,
"Wannan na mai kallo kika saya.
In kuka haɗa sanda da Ɗanjimma,
yatsunsa ne za su biya kuɗin kyan."

Na koma Zango.
Na aduwa na can, an tokare taga da shi.
Mutari ya kakkaɓe shi a cinya,
ya ce jaka ɗaya, kuma ba ya mayar da na farko.

Yanzu na kirya yana bayan ƙofar Iya,
ta ce don ɓarawo.

Ni kuwa ƙarfe huɗu na asuba,
lokacin da muke jiran famfo ya tuna da unguwarmu,
jarkoki a jere, bakinsu buɗe,
ina tsakar gida ina ƙirga.
Duhu ne, ba na ganin hannuwana.
Ƙullin nan ke samun ƙaramin yatsana na hagu,
ya ce mini nan ne wurinka, kada ka matsa.

Ɗari da sittin.
Ɗari da sittin da ɗaya.
Famfo ya yi tari sau biyu.
Na jingina takobi, na jawo jarka.