Nauyin Tsatsa

A Mai Wurno, ajinmu mai tagar da ba ta rufuwa,
Ustaza Ihsan ta ɗauki guntun alli:
ƙarfe da oksijin a hagu, tsatsa a dama,
kibiya a tsakani kamar jirgin fito.
Ta ce, "Duk wanda ya shiga a wannan gaɓa
sai an ƙirga shi a waccan.
Wannan kogin ba ya cin kowa."

Na ƙirga.
Oksijin biyu suka shiga, don ba ya tafiya shi kaɗai,
tagwaye ne, hannu cikin hannu.
A can gaɓa kuwa uku suka sauka.
Wa ya haifi Gambo a tsakiyar ruwa?

Na kai hannu zan goge ƙaramar lambar ƙasa,
ta riƙe min yatsa.
"Wannan sunan yanka ne, Lantana, ba a taɓa shi.
Ki ƙara yawan matafiya, kada ki sake musu suna."

Biyu da uku ba su da mahaɗa sai shida.
Na sa uku gaban tagwaye,
na sa biyu gaban tsatsa,
ƙarfe ya yi ƙorafi, na ba shi huɗu ya yi shiru.
Shida nan, shida can.
Allo ya tsaya daidai kamar sikelin mai tsoron Allah.

Da aka kaɗa ƙararrawa ta ƙara wata magana,
tana kakkaɓe alli daga mayafinta:
wai ƙarfen da ya yi tsatsa ya fi na jiya nauyi,
iskar da ta ci shi zama ta yi a jikinsa.

Ban bi ta kasuwa ba ranar.
Na bi ta bayan gida, inda maƙerar Baba take,
damina biyu ke nan ba a hura ta ba.
Zugazugi ya bushe, ya kwanta kamar akuyar da ta gaji.
Masaba na nan inda ya ajiye ta,
awartaki ya buɗe baki bai ce komai ba,
duk sun yi ja irin na Nilu in ya cika ya kawo.

Na ɗauki wata fartanya da bai gama ba.
Na san nauyinta, ni nake miƙa masa.
Ban sani ba ko hannuna ne,
ko kuwa Ustaza ce ke da gaskiya.

Inna ta kira daga rumfa, jabana ta tafasa.
Na ce ina zuwa.
Na tsuguna na zana kibiya a toka da yatsa,
na rubuta sunansa a hagu.

Har magariba ina ƙirga abin da ya sauka a dama:
dariyar Sa'adu, tafin hannuna, wannan jan ƙarfe,
bashin gawayi da Inna ta biya.
Bai kai ba tukuna.
Gobe zan ƙara lamba a gaba,
sunan dai ba zan taɓa shi ba.