Nauyin Shiru

Tanimu ya ɗora fallen roba a kan sikeli,
baƙi, mai danƙo, bayansa kamar azurfa.
Allura ta yi rawa, ta tsaya.
"Kilo biyu," ya ce, "falle ɗaya ke nan.
In ka ce ƙofofi da daɓe da but da rufi,
ka ƙaddara rabin buhun siminti
ya zama fasinjanka har abada."

A Kurmin Mashi muke, rana ta take,
motata ja, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa,
an kware ta kamar kifi a hannun mai tuya.
Ni ne fa na cire safaya bara,
na fid da kafet, na sauya kujeru,
ina lissafin kilo kamar mai awon zinari,
don kawai in ga Jatau ya ƙanƙance a madubi
a hanyar Kaciya, da sanyin Lahadi.

Ta yi sauƙi kuwa. Ta kuma yi baki.
Kowane tsakuwa sai ya yi sallama,
taya na gunaji, salansa na tsawa,
in ruwan Agusta ya sauka a rufi
sai ka rantse a cikin garwa kake.
Da, ina kiran wannan kiɗa.

Sai aka yi wa Baba aiki a maƙogwaro.
Muryar da ke tashin unguwa da asuba
ta koma zare.
Duk Laraba ina kai shi asibiti,
yana gefena, gwiwoyinsa sun kusa haɓa,
leɓɓansa na motsi daga Malali har Kawo,
ni ko ina gyaɗa kai
ga abin da ban ji ba.

"Shiru ba kyauta ba ne," in ji Tanimu,
yana goge bakin mai da bayan hannu.
"Ko dai ta tashi, ko dai ku ji juna.
Zaɓi."

Na zagaya ta sau biyu.
Na ƙwanƙwasa ƙofa, ta amsa kamar gwangwani.
Na ce a bar but, a bar rufi,
a liƙa a daɓe, a liƙa a ƙofar dama.
Kilo goma sha biyu. Na biya ban taya ba.

Ranar Laraba, a hawan gadar Kawo,
na ji ta ɗan yi nawa,
kamar wanda ya ci tuwo ya miƙe.
Jatau zai wuce ni, na sani.
Injin ya koma can nesa, bayan bango,
sai wata 'yar murya ta ratso,
karo na farko cikin wata biyar:

"Kai," ya ce, "rage gudun nan.
Tun yaushe nake faɗa maka."