Burga a Hawa na Tara

Ƙarfe biyun dare a Samaru,
janareton maƙwabci ya yi shiru.
Daga ni sai waya, sai sauro, sai kati biyar
da ba su kai kuɗin koko ba.

Dodon hawa na tara ya kafe ni da ido,
idon zane, ba ya ƙiftawa.
Ya kife kati, ya ce sarki ne.
Sau goma sha ɗaya yana kashe ni a nan,
kowace mutuwa ta mai da ni ƙofar farko,
aljihu wayam, kamar ban taɓa zuwa ba.

Kawu Ɗanjuma, dillalin barkono a Sabon Gari,
ya taɓa ce mini: ranar da ba ka da kaya,
ranar ake sa babbar riga.

Sai na tura duk abin da na tara,
na kife ɗan biyu kamar mai ɓoye zaki.
Dodon ya yi jim.
Ashe na'ura ma tana jin tsoro?
Ya janye. Ƙofa ta buɗe.

Ban gama murna ba saƙo ya faɗo.
Inna ce daga Giwa, ta tashi nafila:
"Sallau, ya jarrabawar gobe?"
Littafin na ƙarƙashin kwanon gari tun Talata.

Na rubuta: "Na shirya tsaf."
Na tura.
Ta daɗe tana rubutu, ta goge, ta sake,
sannan: "To."

Wannan "to" ɗin a kife ya zo.
Har batir ya mutu
ban iya buɗe shi ba.