Mai Lamba Shida

A rairayin Gulbi na fara,
lokacin da ruwa ya janye ya bar mana fili.
Ƙwallonmu tsumma da leda, ɗaure da robar keke,
silifas ɗin Miko su ne turakun raga.
Kowa na son gaba, kowa na son a kira sunansa.
Ni ƙafata ba gudu, sai ido,
sai suka ce: Nomau, kai tsaya a tsakiya.

Metir Tankari ya gan ni wata Laraba,
yana bisa tsohon babur, goro a kunci.
Ya ce: yaro, kafin ƙwallo ta iso ka
ka san inda za ta kwana.
Dubi hagu, dubi dama,
kamar mai tsallaka titin babbar kasuwa.
Ka karɓa, ka bayar,
aro ce a ƙafarka, kamar duniya.

Inna Tsahara na tuyar ƙuli-ƙuli a Bagalam.
Ribar wata guda ta kwance daga gefen zane,
jika bakwai, ta sayo mini takalmin gwanjo,
ɗaya ya fi ɗaya girma.
Na cusa takarda a na hagu.
Shekara uku ina bugawa, ba ta zo kallo ba.
Ta ce: in na ga an taɗe ka
zan shigo filin nan da muciya.

Yamai ta kira, na hau mota da ƙullin kaya.
Lamba shida suka ba ni, da katifa a ɗakin mutum takwas.
Albashi kamar ruwan bazara:
a ga hadari, a ji iska, shiru.
Na tare, na ƙwace, na raba.
Miko ya ci, rediyo na ta kururuwar Miko,
ni ina ɗaure igiyar takalmi can baya.

Wani mai kwat da waya biyu ya ce Turai.
Inna ta sayar da jajayen awakinta huɗu.
Turai ta ƙare a wani otal na Kwatano,
kwana goma sha tara ina jiran biza
har lambarsa ta daina shiga.
Na wanke motoci a bakin teku,
na buga wa masu dakon tashar jiragen ruwa
don kwanon shinkafa.
In an kira daga gida, in share murya,
in ce muna nan lafiya.

Daga nan arewa, bayan hamada, rukuni na biyu,
sanyi mai shiga ƙashi, harshen da ban iya ba.
Amma fili ba ya tambayar yare.
Kaka biyar ina ɗinke baya da gaba,
ana yabon riga, ba a ganin zare.
Ƙwallo huɗu na ci duk rayuwata, na san ranakunsu.
Waɗanda na miƙa aka ci, ba wanda ya rubuta,
ni ma na bar ƙidaya.

Gwiwa ta yi ƙara wata Juma'a, minti na sittin da uku.
Ba wanda ya taɓa ni.
Juyi kawai na yi, irin wanda na yi sau dubu.
Likita ya ɗaga hoto ga fitila, ya ce: ga jijiya.

Na dawo Maradi da sanda da akwati biyu.
Na yi wa Inna ɗakin siminti,
na mayar mata da awaki, shida.
Miko na da gidan mai a hanyar Ɗan Isa.
In na wuce da kabu-kabuna yakan ɗaga hannu,
wani lokaci ya cika mini tanki, ya ƙi kuɗi,
ya ce: rabin wannan naka ne, gaskiya.

Da la'asar nakan gangara Gulbi.
Yara ashirin, duk suna son lamba tara.
Akwai wani siriri, ɗan mai facin taya,
ba ya gudu, ba ya ihu,
amma jiya na ga ya waiga sau biyu
kafin ƙwallo ta iso shi.
Na kashe babur.
Na ce: kai, mi sunanka?
Zo nan. Tsaya a tsakiya.