Kashi na Biyu

A shagon Babayo, bayan Tashar Dukku,
inda janareto ke tari kamar tsohon mashayin taba,
na bar rabin ƙuruciyata
kan bencin da bulo ya zame wa ƙafa ta huɗu.

Naira ashirin, rabin awa.
Gem ɗin na wani makiyayi ne da ƙanensa ya ɓata.
Babu bindiga, babu taswira,
sai sanda, sai fitila mai shan mai,
sai wani kogi da za ka nutse sau tara a cikinsa
kafin ka gane ba a haye shi da gaggawa.

Wata biyu muka yi a bakin ƙofa ɗaya,
ni da Buba Kurma,
muna zana hanyoyi a bayan littafin lissafi.
Ranar da ta buɗe ba mu yi ihu ba.
Ƙanen yana ciki, furfura ta rufe shi, ya girme wa wansa,
ya ɗago ya dube shi, bai gane shi ba.
Nan take janareto ya mutu.
Muka zauna cikin duhu, talabijin tana hucewa,
har Babayo ya ce, ku tashi, an kira magariba.

Bana kashi na biyu ya fito.
Manu, ɗan yayata, ya ja ni da hannun riga.

Allon ya kai faɗin ƙyaure yanzu.
Kogin yana sheƙi, har ɗigon ruwa kana iya ƙirgawa.
Makiyayin ya yi ƙirji, an gyara masa saje,
an ɗauke sandar an ba shi bindiga mai baki biyu,
ga wata kibiya rawaya bisa kansa
tana nuna masa hanya kamar ɗan jagora.
Ka faɗa rami, ka tashi inda ka faɗi, ko ƙura babu.
Ƙofar nan kuwa an manna mata farashi:
tura kuɗi ta waya, ta buɗe da kanta.
Ƙanen ya koma saurayi, yana barkwanci,
in an kashe mutum ɗari sai ya taka rawa.

Na tuna Inna Dudu mai kunun gyaɗa a Bolari.
Da layi ya yi tsawo, tukunya ba ta ƙaru ba,
ruwa ta ƙara, ta rufe da sukari.
Kowa ya samu.
Ba wanda ya sake lasar ludayi.

Na faɗa wa Babayo haka.
Bai ɗago daga ƙirgar canji ba.
Ya ce, wancan naka, mutum nawa suka kai ƙarshensa?
Ku biyu. Kai da kurma.
Sauran jifa suka yi da hannun gem suka koma ƙwallo.
Ka san nawa litar mai a yau?
Zurfi ba ya tada janareto.

Na yi shiru.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.
Wataƙila ma ba kogin ne ya ƙafe ba,
ƙafata ce ta yi tsawo.
Shekara sha huɗu tana da nata zurfin,
ko a kwatami ka sa ta sai ta ga teku.

Amma fa na san abin da na gani a fuskar tsohon nan.

Manu ya gama kafin la'asar ta yi sanyi.
Ya miƙe, ya yi hamma, ya nemi ruwan leda.
A hanya, daidai masu gasa masara, ya ce,
Kawu, a naku, me ya samu ƙanen?

Na fara ba shi labari.
Masararsa ta huce a hannunsa,
bai kai ta baki ba.