Romon Dutse

Irmtraud, yau na sauka ɗakin ƙasa,
matakala goma sha bakwai, gwiwata ce ta ƙirga.
Na ɗauko kwalbar ƙarshe
ta shekarar da ƙanƙara ta kusa cinye mana gangara.
Rubutunki na nan a gefenta, da alli,
ƙura ta yi iya yinta, ta bar shi.

Kin tuna ranar tsinka?
Yatsu sun mutu don sanyi, kwando a baya,
ƙafa na zamewa a kan baƙin falale,
kogin Mosel can ƙasa ya zuba mana ido
kamar mai jiran wanda zai fara faɗowa.
Na yi ta mita. Ke kuwa kika ce,
Wendelin, mai haƙuri kan dafa dutse.
To ga romonsa nan a hannuna,
fari, mai hasken rana ta hantsi,
ƙamshin tuffa ɗanya, da lemo, da dutsen da ruwa ya jiƙa.

Dokarki ba ta da yawa, amma doka ce.
Risilin marar zaƙi, sai kifin rafi,
man shanu ya narke a bayansa, dankali biyu a gefe.
In kaka ta shigo, wainar albasa mai zafi daga tanda.
Daren Kirsimeti, dinya da tuffa a cikinta,
jan kabeji yana huci,
tsamin giyar yana yanka kitse kamar sabuwar wuƙa.
Mai zaƙin kuwa sai an kwashe kwanuka,
da ɗan cuku mai wari
wanda kyanwarmu ma take gudu.
Shekara arba'in da ɗaya ban tsallake ba.

Ɗazu jikarki Liselotte ta zo,
ta zo da saurayi, Khanh, mai girki ne a Trier,
dogo, marar surutu, ya cire takalmi tun a ƙofa.
Ya ɗauko tukunya daga mota, naɗe da tawul.
Agwagwa ce, da citta, da tsamiya,
da barkonon da tun daga zaure
ya sa ni atishawa sau uku.

Na ce ba a teburin nan ba.
Na ce wannan kwalba ta girme ku,
ba za a ƙona ta da wuta ba.
Liselotte ta dube ni da idon nan naki,
wanda ba ya gardama, ba ya kuma janyewa.
Ta zuba. Ta tura mini cokali.

Irmtraud, kada ki ji haushi.
Harshena ya kama da wuta, hawaye ya zubo,
na kai kofi baki don neman ceto,
sai zaƙin ya kama hannun barkono
ya zaunar da shi kamar yaro mai rigima,
tsamin ya bi baya ya share wurin,
dutsen gangararmu ya fito fili,
na ji shi sarai, yadda ban taɓa ji ba.
Ashe akwai ƙofa a ɗakin da na tsufa a ciki.

Ban ce musu sun yi gaskiya ba.
Na dai ƙara loma, na ƙara,
yaron ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

Sun tafi. Jirgin dakon gawayi ya wuce a kogi,
fitilarsa ɗaya tana rawa a ruwa.
Naki kofin na nan a taga, ban taɓa ba.
Na samo guntun allinki a aljihun rigar aiki,
kuma ƙarƙashin inda kika rubuta kifi,
da hannuna mai karkarwa,
na ƙara kalma ɗaya.
In na zo, sai ki yi mini faɗa.