Karen Ranar Laraba

Laraba, bayan la'asar,
a unguwar Yelwa, cikin Garwa,
mukan bar ƙwallon tsumma a tsakiyar layi
mu ruga zauren Bappa Yero.
Shi kaɗai ke da talabijin,
da kuɗin sallamar kamfanin auduga ya saye ta,
yana lulluɓa mata mayafi mai aikin zare
sai ka ce za ta ji sanyi.

Kuɗin shiga, a cika masa randa biyu.
Wanda bai ɗebo ruwa ba
sai leƙe ta taga, ƙafa a kan bulo.

Batirin mota na gefe, Bappa na murɗa eriya,
allo na zubar da yayyafi,
can sai ga shi a kan tudu,
kunne ɗaya a miƙe, ɗaya a kwance.
Sunansa na Turawa ya ƙi zama a bakinmu,
muka raɗa masa Maikunne.

Yau yaro ya faɗa tsohuwar rijiya,
wani mako gada ta karye,
ko ɓarayi sun ɗaure mai gadi da igiya.
Maikunne zai shinshina ƙasa, ya ɗaga kai,
ya keta daji da wani farin abu
da muka yi wata uku muna musu a kansa,
gishiri ne ko auduga.

Iro ne tafintanmu.
Ya yi shekara biyu a lakwal,
don haka duk abin da ya ce, shi ne.
"Baturen ya ce, in kun isa ku taɓa ɗana!"
"Karen ya ce, ni da kai, shege ka fasa!"
Bappa Yero na jin Faransanci sarai,
amma sai ya ci gaba da ɓare goronsa.

Akwai wani kare a bayan mahauta,
gurgu, duk ƙaiƙayi, ba mai shi.
Da can dutse ne gaisuwarmu da shi.
Asabe ce ta fara cewa a daina,
wai ƙila ɗan'uwan Maikunne ne da ya ɓata.
Muka ja shi da ƙosai har bakin Binuwai,
Tanko ya kwanta a rairayi yana ihun a cece shi.
Kare ya cinye ƙosai,
ya lashe takarda,
ya kwanta a inuwar kwalekwale.

Amma da yamma ya biyo Tanko har gida.
Inna ta kore shi da muciya,
ta wanke kwanon da ya taɓa sau bakwai.
Ya koma ƙofa ya kwanta.
Shekara shida yana ƙofar nan,
bai ceci kowa ba,
bai kuma bar kowa ya dawo dare ba rakiya.

Jiya jikata ta nemo min shirin a waya.
Ashe Maikunne ja ne, kamar ƙasar gini.
Ashe dajin itatuwa goma ne ake ta zagayawa.
Yanzu ina jin Faransanci,
Baturen cewa ya yi kawai, "Zo mu tafi gida."

Iro ya rasu a hanyar Ngaundare, yana tuƙa tirela.
Asabe na sayar da atamfa a Kuseri.
An rushe zauren, an yi shagon cajin waya.

Na kashe sautin.
Yarinya ta ce, "Kaka, me suke cewa?"
Na gyara zama, na yi gyaran murya,
na ce, "Karen ya ce,
in kun isa ku taɓa yaron nan."